An Yanke wa Ɗana Linzami Ya Samu Sauƙi, To Ɗan Auta Fa?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada ta daɗe, domin an ɗora mini hukuncin da ya fi ƙarfina a kan jaririn da ba ni na haifa ba. Ana so in ce a yanke masa linzamin harshe yanzu ko a bari, kuma kowa ya zuba mini ido. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Tun ina sakandare na saba rubuta abin da ya faru a yini, har ya zame mini jiki, ba na iya faɗin magana sai na faro ta daga tushe. Maigidana yakan ce in aka tambaye ni ƙarfe nawa, sai na ba da tarihin agogon.

Shekarata arba'in da ɗaya. Ina aiki a wani ɗan kamfani da ke ɗinka kayan 'yan makaranta. Ni ba na hawa keke. Tebur gare ni a ƙarshen layin teloli, kusa da taga, duk rigar da aka gama sai ta biyo ta hannuna, in juya cikinta waje, in bi ɗinkin da yatsa, in ja maɓalli, in datse zaren da ya yi saura. Telolin suna kirana Hukuma, wai ko sauro ya taka riga sai na ga sawunsa. Na faɗa miki wannan ne don ki san irin kunyar da na ji daga baya.

'Ya'yana mata biyu ne, babbar tana shirin gama sakandare, ƙaramar ta shiga aji ɗaya. Na riga na rabar da kayan jarirai, har bahon wanka na mayar da shi na jiƙa wanki, sai ga ciki. Namiji ne. Yayyensa suka laƙaba masa Bazata, sunan kuma ya bi shi.

To, a gidan su maigidana akwai wani abu da suke taƙama da shi, wato harshensu. Shi, da yayansa, da marigayi mahaifinsu, babu wanda zai iya zaro harshe ya wuce leɓe. In ya matsa, sai kan harshen ya lotsa a tsakiya kamar an ja shi da zare ta ƙasa. Bai taɓa hana su komai ba. Maigidana kayan lantarki yake sayarwa, kuma in ya fara surutu rediyo ma sai ta sarara masa. Abin da kawai na sani shi ne ba ya iya lasar askirim, sai dai ya gatsa, 'yan matan nan kuwa da gangan suke saya masa don su yi dariya. Harshen gidanmu, haka suke ce masa. Lokacin da na haifi 'yan matan, surukata, wadda duk muke kira Kaka, ta leƙa bakin kowacce ta ce waɗannan na uwarsu ne, an yi mata rowa. Da aka miƙa mata Bazata ya tsala kuka, ta ga harshen ya kwanta bai ɗaga ba, ga lotsawar nan a tsakiya, sai ta kwashe da dariya ta ce yau dai an haifa musu nasu. Har waya aka yi wa yayan maigidana don a yi masa albishir.

Kin gani ke nan, Anti, tun ranar farko kowa ya ga abin. Ni ma na gani, na yi dariya tare da su. Mun ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar kamannin hanci ko wushirya.

Shayar da 'yan matan bai taɓa ba ni wahala ba, don haka na ɗauka wannan ma haka zai zo. Ina! Yaro ya kama ya saki, ya kama ya saki, bakinsa yana wata ƙara kamar mai yin tsaki, nono yana zuba ta gefen baki. Ya daɗe a kai har ya gaji ya yi barci, ina kwantar da shi ya farka da kukan yunwa. Kan nonona yakan fito a baje kamar an matse shi da ƙofa. Bai daɗe ba ya tsage, har da jini. Na kai matsayin da in ya motsa zai farka sai gabana ya faɗi, in naɗe gefen mayafi in sa a baki in cije kafin in ba shi. Uwa tana tsoron ɗanta ya farka. Ko a littafina na kasa rubuta wannan, sai yau.

Duk wanda ya shigo barka ya tambaye ni ya mai jiki, ya jariri, sai in ce lafiya lau. Me zan ce? Mace ta haura arba'in, ga 'ya budurwa a gida, ta buɗe baki ta ce ba ta iya ba da nono ba? Sai na yanke wa kaina hukunci cewa tsufa ne, nonon ne ya tsinke. Wata maƙwabciyarmu ma ta tabbatar mini, wai nonon haihuwar girma ruwa ne zalla. Na sha duk abin da aka ce yana kawo nono har cikina ya gaji. Kaka kuwa takan zo ta zauna a kujerar da ke bakin ƙofar ɗaki, ta zuba mini ido ina fama, ba ta cewa uffan, sai ta tashi ta haɗo mini shayi ta ajiye ta fita. Na ɗauka raina ni take yi a zuciyarta. Allah Ya yafe mini wannan zaton.

Da ya kai wata ɗaya da rabi muka kai shi riga-kafi. Aka ɗora shi a sikeli. Nas ɗin, wata doguwa mai tabarau a kan hanci, ta dubi sikelin, ta dubi katinsa, ta sauke shi ta sake ɗorawa. Ba ta yi mini faɗa ba, ko da yake na shirya wa faɗan. Ta ja ni bayan labule ta ce in shayar da shi tana kallo. Ta gyara mini zama, ta gyara yadda nake tallafe kansa, ta sa na juya cikinsa ya manne da nawa. Ya ɗan fi, amma ƙarar nan tana nan, zafin yana nan. Sai ta wanke hannu ta sa safa, ta zura yatsa ƙarƙashin harshensa. Maigidana yana tsaye da jakar kaya a kafaɗa, da ya ga inda ta dosa sai ya washe baki ya ce ai wannan harshen gidansu ne, gado ne, har ya buɗe nasa bakin yana nuna mata. Ta kalle shi ta saman tabarau ta ce wai Malam rufe, na gani, Allah Ya yi maka gyaɗar dogo ka girma, amma wannan gadon shi ne ya hana ɗanka ƙoshi. Ta ce sunansa linzami, ɗan siririn naman nan da ke haɗe harshe da ƙasan baki, nasa ya yi gajarta ya yi tauri, harshen ba ya iya ɗagawa ya tatso nono, shi ya sa yake datse ni da dasashi.

Ni da nake ganin zare ɗaya da ya kauce a cikin rigar ɗan wani, ga abu a bakin ɗana kullum ina kallo.

Ta tura mu wurin likitan yara. Shi ma bai yi gaggawa ba. Ya ce in je in gwada sabon riƙon na mako guda, in riƙa tatsa ina ƙara masa da ɗan kofi, mu dawo. Muka dawo, nauyin ya ɗan motsa saboda kofin, amma shan nonon yana nan jiya i yau. A ranar ya yanke. An naɗe shi a tawul, nas ta riƙe kansa, likita ya ɗaga harshen ya sa ɗan almakashi. Wallahi ina daɗewa fiye da haka wajen datse zaren maɓalli. Jinin bai fi ɗigo biyu ba. Ya callara ƙara, aka miƙo mini shi aka ce in ba shi nan take. Ba zan yi miki ƙarya in ce zafi ya ɗauke a lokacin ba, domin tsagar ta ɗauki kwanaki kafin ta warke. Amma jan da ya yi daban ne, mai zurfi, a natse, ina jin haɗiyarsa ƙut, ƙut. Ya sha ya saki don kansa, hannunsa ya saki, ya yi barci baki buɗe. Na yi kuka har nas ta miƙo mini auduga. Uban gayyar kuwa, mai harshen gado, tun da ya ga almakashi ya ce bari ya je ya duba ko ya kulle mota.

Yanzu Bazata yana wata huɗu. Kumatu sun fito, cinya ta yi ninki, yayyensa suna faɗa a kan wadda za ta ɗauke shi, sannan wadda ta ci nasara ta dawo da shi tana cewa ya karya mata ƙugu. Ina barci, ina cin abinci da daɗinsa. Alhamdulillahi. In da a nan maganar ta tsaya, da godiya kawai zan rubuto.

Ranar da muka dawo daga yankan na ba Kaka labari. Can da yamma ta same ni a kicin ina dafa ruwa, ta tsaya tana juya murfin buta a hannunta, ta ce mini 'ya'yanta maza biyu babu wanda ta shayar ya ƙoshi. Na farin, yayarta ce ta karɓe shi ta haɗa da nata. Maigidana kuwa da madarar gwangwani da cokali aka raine shi. An ce mata nononta ne ba shi da kyau, uwar mijinta ta faɗa a gaban mutane, ita ma ta yarda. Sai a kan Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta shayar lafiya, ta ɗauka a lokacin ne Allah Ya gyara mata. Shekara kusan hamsin tana ɗauke da wannan. Ashe duk zaman da take yi a bakin ƙofata kanta take gani, ta rasa bakin da za ta ce mini ita ma haka ta yi. Tsohuwar nan ta yi hawaye a gabana, ni da ban taɓa ganin ko jan idonta ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Autar nan, ƙanwar maigidana, ta haihu mako biyu da suka wuce. Haihuwar fari, namiji. Harshen gidan ne sak, har lotsawar. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Kaka ta tashi tsaye ta ce gobe-gobe a kai shi a yanke, 'yarta ba za ta sha abin da ta sha ba. Har cewa ta yi maigidana da yayansa su bi layi a yi musu, maigidana kuwa ya ce da nasa ya zo duniya da shi zai koma. Mijin Auta, malamin makaranta ne mai sanyin hali amma in ya kafe ya kafe, ya ce babu mai sa wa ɗansa almakashi, yaro yana sha yana barci, a bari sai ya fara magana a ga ko da matsala. Yayan maigidana ya bugo waya ya ce shi ya ji in aka wuce wata uku ba ya yankuwa. Maƙwabciyar nan tamu kuma ta ce sai yaro ya shekara, yanzu jininsa bai yi ƙwari ba. Da gardama ta ƙi ƙarewa, Kaka ta ce a tambayi Maman Bazata, ita ta ga jiya ta ga yau. Malam, mijin Auta, shi ma ya ce ya yarda, abin da na faɗa shi za a yi, don ya san ba na magana da ka. Ni kuwa ban san komai ba sai abin da ya faru da ɗana.

Na tambayi Auta, ta ce lafiya lau, Yaya. Amma Anti, ai ni ma abin da na yi ta faɗa ke nan. Auta tana jin nauyina, tun tana firamare na shigo gidansu, in za ta shayar sai ta juya wa mutane baya ta fuskanci bango. Sau ɗaya na ga kafaɗunta sun ɗaga lokacin da ya kama. Ko kuwa idona ne yake neman abin da ya saba gani? A ɗaya ɓangaren kuma yaron ba ya kama da Bazata na wancan lokacin. Fatarsa a cike take, kukansa ba na yunwa ba ne, igiyar shanyarsu kullum cike take da kunzugu. In na kwanta sai in ce a yanke kawai a huta, minti nawa ne. In gari ya waye sai in ce wace ce ni da zan sa a zubar da jinin ɗan mutane yana zaman lafiyarsa. In na ce a bari kuma yarinyar nan tana cije mayafi a ɓoye fa? Kuma ni kaina, wata ɗaya da rabi da na yi ina kallon ɗana yana ramewa, ban makara ba kuwa? Ba abin da zai biyo shi?

Don Allah ki faɗa mini, a wane lokaci ya kamata a yanke linzami, kuma me zan ce musu? Ranar hutun nan mai zuwa za a taru a gidan Kaka, ni ake jira.

Taki,
Maman Bazata

*

Wa alaikumus salam Maman Bazata. Barka da arziki, barka da kumatun Bazata. Na ji daɗin wasiƙarki, tarihin agogon ma bai gundure ni ba.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai tambayarki wurin wata likitar yara da wata ungozoma da ta daɗe a aiki. Bakinsu ya zo ɗaya: babu wata rana ko wata da aka tsayar aka ce a nan ake yanke linzami. Shan nonon yaro shi ke faɗin lokaci. Jarirai da yawa ana haifarsu da shi, su sha nono lafiya, su yi ƙiba, uwa ba ta jin ciwo. Irin waɗannan ana barinsu, ana dai sa ido. Wasu kuma kamar Bazata ne: kamu ba ya zama, uwa tana tsagewa, sikeli ba ya hawa. Irin waɗannan ana fara gyara zama da riƙo, kamar yadda aka yi miki, domin sau da yawa a nan matsalar take. In an gyara bai yi ba, to jira ba shi da amfani. A makonnin farko aikin ƙarami ne, galibi ba sai an sa yaro barci ba, kuma kowane mako da aka ƙara cikin wahala yana rage wa uwa nono, yana rage wa yaro nauyi.

Kin ga ke nan kowa a gidanku ya riƙo wani yanki na gaskiya. Kaka tana da gaskiya cewa in da matsala ba a jinkiri. Malam yana da gaskiya cewa ba a yanka yaron da ke sha yana ƙoshi don kawai an ga abu a bakinsa. Yankan yana da sauƙi, amma yanka yanka ne: akan samu zubar jini ko ƙwayar cuta ta shiga, ko da yake ba kasafai ba, wani lokaci wurin yakan sake haɗewa, wani yaron kuma a yanke shan nasa bai canja ba domin dama ba daga nan ba ne. Inda Malam ya kauce shi ne jiran magana. In yaro ba ya ƙoshi yau, ba a ce masa ya jira sai ya iya cewa Baba. Haka kuma likitar ta ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar yanke wa jariri don tsoron kada ya kasa magana nan gaba, yawancinsu suna magana garau. Yayan maigidanki kuwa a kwantar masa da hankali, linzami yana yankuwa a kowane shekaru. Bambancin shi ne in yaro ya yi wayo, asibitoci da yawa sai sun sa shi barci kafin su taɓa, aikin ya fi na jariri girma. Maganar maƙwabciya ta sai ya shekara, ki bar ta a bakin ƙofa inda kika same ta.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Ki sauke rawanin alƙalancin nan da aka naɗa miki. Ɗa na Auta ne da mijinta, su za su yanke shawara, kuma bayan wanda ya san aikin ya duba. Amma akwai abin da duk gidan babu mai iya yi sai ke. Kafin ranar taron, ki saɓi Bazata ki je wurin Auta lokacin da Malam yana makaranta, Kaka kuma ba ta nan. Ki rufe ƙofa, ki zauna kusa da ita ki shayar da naki. Kada ki tambaye ta ko lafiya, kin san amsar da za ki samu. Ki ba ta labarinki yadda kika ba ni, har da mayafin, har da faɗuwar gaba in yaro ya motsa. Wadda ta ji Yayarta ta faɗi wannan, kunyar faɗin nata za ta ragu. Sannan ki yi mata tambayoyin da lafiya lau ba ta amsa su. Zafin a farkon kamu ne kawai ya wuce, ko har ya gama? Kan nonon yana fitowa yadda ya shiga ko a baje? Akwai tsaga? Yaron yana saki don kansa ya yi laushi, ko sai an cire shi? Ɗan ɗaga kafaɗa a farkon kamu ba baƙon abu ba ne ga mai haihuwar fari a makonnin nan. Zafin da ba ya sauka shi ne abin dubawa. Ungozomar ta ce jaririn da ke ƙoshi yakan jiƙa kunzugu kamar shida ko fiye a yini da kwana, kuma wajen mako biyu yakan koma nauyin da aka haife shi da shi. Igiyar shanyar da kika gani alama ce mai kyau.

Duk abin da ta faɗa miki, a kai yaron asibiti cikin makon nan, kada a jira ranar riga-kafi. A auna shi, a nemi nas ko ungozoma ta zauna ta kalli shan nasa daga farko har ƙarshe, ta duba motsin harshen. In komai daidai ne, a bar masa harshensa, a sake awo bayan mako ɗaya ko biyu don hankali ya kwanta. In ba daidai ba ne, a bi hanyar da kika bi, ba tare da ɓata lokaci ba. In ta kai ga yanka, a asibiti za a yi, ba a gida ba, komai ƙwarewar wanda aka ce ya iya. A gaya wa likita in akwai mai matsalar tsayawar jini a dangi, a kuma tabbatar an yi wa yaron allurar da ake yi wa jarirai ranar haihuwa don jini ya riƙa tsayawa. In kuwa aka ga ya yi laƙwas ba ya farkawa ya sha, ko fitsari ya ragu, ko jikinsa ya yi zafi, ko idonsa da fatarsa sun yi ɗorawa, wannan a ranar ake tafiya, ba a jiran taron kowa.

Kaka kuma a tafi da ita asibitin. Tsohuwar nan ba da Malam take faɗa ba, da abin da aka yi mata shekara hamsin take faɗa, kuma ba za ta natsu da maganar suruki ba. Ta ga sikelin da idonta, ta ji bayanin da kunnenta. In nas ta ce jikanta yana ƙoshi, za ta fi kowa murna. Ku riƙa jan ta a jiki, ta sauke babban kaya a kicin ɗinki.

Game da makara, na karanta wa likitar wannan wurin, ta ce yaron da aka gano nasa a wata ɗaya da rabi, ya kama sha, nauyinsa ya hau, babu dalilin zaman zullumi a kansa, ki ci gaba da kai shi awo kamar kowane yaro. Gida guda ya kalli abin nan shekara da shekaru yana masa kirari, ba ke kaɗai ba. Ke ce kika kai shi inda aka gane, kika tsaya aka gyara.

Ranar taro, in an juyo an ce Maman Bazata me kika ce, ki ce kin ce a kai shi a duba, kuma ke za ki raka su. Allah Ya raya Bazata da ƙaninsa, Ya ba Auta lafiyar shayarwa, Ya sanyaya zuciyar Kaka.

Anti